Layi Ɗaya da Sunan Kawu a Kai

Litinin, 3 ga Maris, ƙarfe 1:15 na rana

Na sayi littafin nan ne don rubuta abin da ake tsayarwa a taron safe. Ga shi shafin farko zai tafi a wani abu dabam.

Ko jaka ban ajiye ba Manaja ta ce mu same ta a ɗakin taro. Mu uku ne masu taɓa kod, wato rubutun da ake gina manhaja da shi, a kamfanin: ni, da Dogo mai gwaji, da Kawu, yayan Mama, wanda ya koya min aikin kuma ya kawo ni nan. Manhajarmu gadin zafi da sanyin ɗakunan mutane take yi, masu kifi, masu magani, masu ƙyanƙyasar ƙwai. In ma'auni ya wuce iyaka, ƙararrawa ta buga, saƙo ya shiga wayar mai tsaron ɗakin. Aikin ke nan. Ba wanda yake tunawa da mu sai ranar da bai yi ba.

Shekaranjiya Asabar bai yi ba. Fankar ɗaki na huɗu a gidan ƙyanƙyasa ta tsaya da rana tsaka, ƙwai dubu goma sha biyu a ciki, saura musu kwana huɗu su fashe. Zafi ya yi ta hawa. Ƙararrawar da ya kamata ta buga bayan minti biyu ba ta buga ba sai bayan minti arba'in.

Da Manaja ta ce arba'in, na sunkuya ƙarƙashin tebur ina neman biro. Biron yana hannuna.

Kawu ya ce ba zai yiwu ba. "Biyu ce, ranki ya daɗe. Ni na rubuta ta da hannuna shekara bakwai da suka wuce, kuma ba mai taɓa ta." Manaja ta ce Dogo ya bar duk abin da yake yi ya bincika.

Litinin, ƙarfe 6:50 na yamma

Malam ya karanci fuskata tun daga ƙofa. Shekara goma sha ɗaya mijin nan nawa yana koyar da lissafi a sakandare, ya saba da fuskar wanda bai yi aikin gida ba. Na ba shi labari, ya ce bai gane ba, in yi masa dalla-dalla. Na juya bayan wata tsohuwar takardar jarrabawa na rubuta masa layin:

buga_ƙararrawa(ɗaki, jinkiri=2)

Na ce wannan shi ake kira fankshin, ɗan guntun aiki ne da aka rubuta sau ɗaya aka raɗa masa suna, duk mai bukata sai ya kira shi. Abin da ke cikin baka shi ne abin da yake tambayar mai kira. Ɗaki dole ka faɗa, in ba ka faɗa ba ya ƙi motsi, ya yi maka ƙorafi. Jinkiri kuwa an riga an ajiye masa amsa. In ka ce goma, goma ce. In ka yi shiru, ya ɗauki biyu ya wuce. Wannan amsar da aka ajiye ita muke ce wa difol. Shi ya sa ake jera masu difol a ƙarshe, don mai kira ya faɗi na dole ya tsaya a nan.

Ya ce har yanzu da saura. Sai na ba shi misalin da Kawu ya ba ni ranar da na fara aiki, na mai shayin bakin ofis. Ka ce a ba ka shayi, ya zuba maka sukari cokali biyu, don haka yake zuba wa kowa. Mai son ɗaya sai ya buɗe baki.

Malam ya yi ɗan nazari. "To in wani ya zagaya ya ce wa mai shayin daga yau na kowa cokali arba'in ne fa?"

"Duk wanda bai yi magana ba arba'in zai sha. Kuma ba mai sanar da shi."

"Wa ya zagaya?"

Na ce Dogo yana bincike. Hakan gaskiya ne.

Talata, 4 ga Maris, ƙarfe 12:40 na rana

Dogo ya samo. Layin yana nan yadda yake, sai dai biyu ta koma arba'in. Duk canjin da aka yi wa kod yana da rajista: rana, lokaci, da sunan mai kwamfutar da aka yi shi a kanta. Laraba, 12 ga Fabrairu, ƙarfe uku da minti arba'in da bakwai. Sunan Kawu. Litinin ɗin da ta biyo baya aka tura sabon kod ga duk kwastomomi, har da gidan ƙyanƙyasa.

Kod ɗin gidan ƙyanƙyasa yana kiran fankshin ɗin a wuri sittin da ɗaya, kuma ko a wuri ɗaya bai faɗi jinkiri ba. Ba sakaci ba ne, tsari ne. Dokar Kawu a ofishin nan, wadda har Manaja ta haddace, ita ce a difol ake ajiye lambar da in kowa ya manta ba wanda zai cutu, kuma ba mai canza ta sai an zauna an yi shawara. Har littafi gare shi mai baƙin bango, kowace difol da dalilinta a gefe.

Manaja ta tambayi Dogo me ya sa gwaje-gwajensa ba su kama ba. Dogo ya yi ta sosa ƙeya. Duk gwajin da ya rubuta yana ba fankshin ɗin jinkirinsa, wani ɗaya, wani biyar, wani sifili. Ba wanda ya kira shi ba tare da lamba ba. "Mun gwada duk abin da za a iya faɗa masa," in ji shi, "ba mu gwada rashin faɗa ba."

Kawu ya cire gilashi ya goge, ya mayar, ya sake karanta sunansa a allo. "Ban tuna ba," ya ce. "Wallahi ban tuna ba." Ba musu yake yi ba. Ni ya kalla da ya faɗa, don ni ce tasa a ɗakin.

Mayar da ita biyu bai ci minti ɗaya ba. Ni aka sa.

Ranar 12 ga Fabrairu kwamfutata tana wurin mai gyara. Na rubuta wannan ne kawai don haka aka yi.

Laraba, 5 ga Maris, ƙarfe 5:30 na yamma

An ƙirga. 'Yan tsaki dubu uku da ɗari biyu suka fito. Sauran an kwashe su a buhu.

Alhamis, 6 ga Maris, ƙarfe 2:00 na rana

Mai gidan ƙyanƙyasa ya zo da kansa. Na so a ce ya yi faɗa, da ya fi sauƙi. Ɗan siririn dattijo ne, ƙurar dusa a kan takalminsa, ya zauna a bakin kujera kamar wanda ya zo neman alfarma. Ya ce saura kaɗan ya sallami mai tsaron ɗakin, mutumin da ya shekara tara a wurinsa, don ya ɗauka barci ya yi. Sai da mutumin ya nuna masa lokacin da saƙon ya shigo wayarsa. Ya ce shi abu ɗaya yake so, a rubuta masa yadda aka yi, da wanda ya yi.

Kawu ya miƙe tsaye ya ba shi haƙuri. Shekararsa sittin da ɗaya.

Bayan mutumin ya tafi Manaja ta faɗi hukuncin wucin gadi. Masu kamfani za su zauna ranar Talata, 25 ga wata, su yanke ko Kawu zai ci gaba da aiki. Kafin nan ba zai tura ko layi ɗaya ba sai wani ya duba ya sa hannu. Ta waiwayo. "Ke za ki riƙa duba masa. Ke ce mai natsuwa a cikinsu."

Na ce to.

Asabar, 8 ga Maris, ƙarfe 4:10 na yamma

Na kai wa Mama maganin ƙafarta. Na same ta tana ninke kayan da ta riga ta ninke. Anti, matar Kawu, ta kira ta jiya. Wai Kawu ya zaunar da ita ya ce ta gaya masa tsakaninta da Allah, ta lura da wani abu a tattare da shi? Anti ta ce ba komai, sai abin da kowa yake yi, ya nemi waya tana aljihunsa, ya shiga kicin ya manta abin da ya kai shi. Ya ce ta ci gaba da lissafowa. Ya ɗauko takarda.

Mama ta ce, "Baba ma da irin wannan ya…" Ba ta ƙarasa ba, ni ma ban taya ta ba. Ina da shekara goma sha biyu lokacin da kakanmu ya dubi Mama, tana ba shi abinci a baki, ya tambaye ta 'yar gidan wa ce. Kawu ne ya yi jinyarsa shekara huɗu. Ba a maganar a gidanmu. Ko sunan ciwon ba a kira.

"Ke da kike zaune kusa da shi kullum," Mama ta ce, "kin ga alama?"

Na ce ban gani ba.

"To sunan nasa fa? Kwamfuta tana ƙarya?"

Na ce kwamfuta ba ta ƙarya, abin da ta sani take faɗa. Na buɗe baki zan ƙara magana. Sai maƙwabciyarta ta yi sallama tana neman aron tsani, na ji daɗin shigowarta, kuma na ji kunyar jin daɗin.

Litinin, 10 ga Maris, ƙarfe 1:20 na rana

Kawu ya zo da wani ƙaramin littafi na aljihu. Duk abin da ya yi sai ya rubuta da lokacinsa. Na leƙa. "9:05 na buɗe kwamfuta. 9:40 na sha ruwa. 10:15 na yi magana da Dogo a kan ma'aunin masu magani."

Aikin farko da ya turo min in duba, ya bi duk wuri sittin da ɗayan nan na gidan ƙyanƙyasa ya rubuta jinkiri=2 da hannu a kowane kira. Na je teburinsa na ce, "Kawu, ai wannan ya kashe amfanin difol ɗin. Kai ka koya min. In wata rana aka so mayar da ita uku, sai an bi wuri sittin da ɗaya, kuma sai an manta ɗaya."

"Na sani, Uwata." Haka yake kirana, sunan mahaifiyarsu aka sa min. "Amfanin difol shi ne ka yarda da wanda ya ajiye ta. Wanda ya ajiye wannan ni ne. Sa hannu kawai."

Na duba sittin da ɗayan duka. Ba kuskure ko ɗaya, ko waƙafi bai tsallake ba. Na sa hannu.

Talata, 11 ga Maris, ƙarfe 7:05 na safe

Yau zan faɗa.

Talata, ƙarfe 5:15 na yamma

Na je ƙofar Manaja sau biyu. Na farko tana waya. Na biyu ba ta waya.

Alhamis, 13 ga Maris, ƙarfe 3:30 na yamma

Mai ɗakin sanyin kifi ya kira. Allah ya sa ni na ɗauka, Dogo ya fita sayen ruwa. Faɗa yake yi, wai ƙararrawarsa ta koma halinta. Duk sanda motar kifi ta zo suka buɗe ƙofa suna lodi, sai ta yi ta ihu, ma'aikata har sun fara cusa mata tsumma. "Ba ke kika gyara min watan jiya ba? Kika ce minti arba'in ya ishe mu lodi? Me ya dawo da ita?"

Na ce zan duba. Na rage murya ina faɗa, ko da yake ba kowa a kusa sai Kawu, shi kuma yana rubutu a ɗan littafinsa.

Kod ɗin masu kifi yana kiran fankshin ɗin a wuri ashirin da uku. Gyaran da ya dace shi ne a bi su ɗaya bayan ɗaya a rubuta jinkiri=40, masu kifi su sami arba'in ɗinsu, kowa ya zauna da biyunsa. Ko ɗan koyo ya san haka. Ɗaya hanyar ita ce a je gindin fankshin ɗin a canza lamba ɗaya, a gwada, gwaji ya nuna kore alamar komai lafiya, a ɗauki jaka a ruga, don ana tashin yara daga makaranta ƙarfe huɗu, kuma malamar 'yata ta riga ta yi min magana sau biyu a kan makara.

Yau na yi na farkon. Na duba agogo da na fara, na duba da na gama. Minti ashirin da biyar.

Minti ashirin da biyar.

Asabar, 15 ga Maris, ƙarfe 11:00 na safe

Ban je gidan Mama ba. Na ce kaina yana ciwo. Na wanke labulen da ba su yi datti ba.

Litinin, 17 ga Maris, ƙarfe 8:20 na safe

Shekara huɗu Kawu yana tsayawa a bakin layinmu ƙarfe bakwai da kwata, ya danna hon sau biyu. Yau a ƙafa ya zo. Ya ba Anti makullin mota ya ce ta ɓoye, kar ta ba shi ko ya roƙa. Ya ce wanda zai canza lamba bai sani ba zai iya taka mai a maimakon birki bai sani ba, kuma akwai makarantar firamare a hanyarsa.

Bas muka hau. Ya zauna a jikin taga yana karanta allunan shaguna a hankali, in mun wuce sai ya rufe ido ya maimaita. Mai walda, mai gyaran waya, gidan burodi, mai walda na biyu. Duk daidai yake kawowa. Kwandasta ya ɗauka wasa yake, ya ce, "Baba, jarrabawa za ka rubuta?" Kawu ya yi dariya ya ce, "Ƙwarai, kuma ni ne mai gyara takardar."

Ƙarfe biyu zai ga likita. Ya ce kar in gaya wa Mama.

Litinin, ƙarfe 6:30 na yamma

Ya kira ni. Likita ya ba shi kalmomi biyar ya riƙe, ya sa shi ya zana agogo, ya ƙirgo baya bakwai-bakwai daga ɗari. Ya kawo kalma huɗu, ta biyar sai da ya fito bakin titi ta faɗo masa. Likita ya ce bai ga abin tayar da hankali ba, mai tsoro ma yana mantuwa, amma ya dawo wata mai zuwa a ɗauki hoton kai.

Na ce, "To ai alhamdu lillahi, Kawu."

"Likita bai ga layin ba, Uwata. Ba mantuwar waya ba ce. Na zauna, na buɗe fayil ɗin da na fi sani a duniya, na karya dokar da ni na kafa, na tashi na tafi gida na ci abinci. Kuma ko inuwar abin babu a kaina. Na nema, na nema."

Na riƙe wayar har ya ɗauka layin ya yanke.

Laraba, 19 ga Maris, ƙarfe 7:40 na yamma

Malam yana gyaran takardun ɗalibai a tebur, ni ina goge kayan makarantar yarinya. Bai ɗago ba ya ce, "Watan jiya da kwamfutarki ta lalace, kwana nawa ta yi a wurin mai gyara?"

Na ce uku.

"A kan me kika yi aiki kwana ukun?"

Na ce ta Dogo, in ya fita. Wani lokaci ta wani.

Ya sa maki a takarda, ya juya ta, ya ɗauko wata. "Sati biyu kina zuba abinci kina mayarwa tukunya. Jiya kin sa gishiri sau biyu, yarinya ma ta gane, ta yi miki kara." Ya rufe jan biron. "Ni na san lissafi kaɗan. Kawu ya riƙe ki tun da mahaifinki ya rasu. In kin faɗa, wataƙila su kore ki, za mu ci abin da ya samu. In ba ki faɗa ba, ban san da wa zan riƙa kwana a ɗaki ba."

Na ce ba haka ake magana da mutum ba. Na ce bai san ofishin ba, bai san yadda Manaja take kallona ba, bai san wuyar da na sha kafin a daina ce min 'yar Kawu ba. Na ce ranar farko na ɗauka za a gyara a wuce, rana ta biyu na ɗauka zai tuna da kansa, daga nan kuma kowace rana sai ta fi ta jiya nauyi, don yanzu ba layin kaɗai zan amsa ba, har da kwanakin.

Ya ce, "To gobe ma za ta fi yau."

Na ƙona wuyan rigar. Sai na nemo wata.

Alhamis, 20 ga Maris, ƙarfe 1:00 na rana

Aiki. Dogo ya rubuta gwaji ga kowace difol da ke cikin baƙin littafin, yana kiran kowane fankshin ba tare da lamba ba ya ga me zai ɗauka. Arba'in da huɗu ne, duk sun yi daidai da abin da Kawu ya rubuta. Dogo ya ce abin mamaki, mutum ya riƙe arba'in da huɗu shekara bakwai, ya saki ɗaya rana ɗaya. Na ce haka ne.

Juma'a, 21 ga Maris, ƙarfe 4:45 na yamma

Manaja ta kira ni ofishinta ta rufe ƙofa. Ta ce ba ta san me masu kamfani za su yanke ba, amma ko ta yaya ta kaya tana so in fara shirin karɓar kujerar Kawu. Ta ce ta ga yadda na riƙe kaina a makonnin nan, ba hayaniya, ba nuna ɗan yatsa. Na kalli kalandar da ke bayanta har ta gama.

Da na dawo tebur na tarar da takarda a kan kibod ɗina. Takardar ajiye aiki ce, Kawu ya buga, saura sa hannu. Ya ce tunda komai nasa sai na duba, in duba masa wannan ma, ko akwai kuskuren rubutu. Litinin zai miƙa, ba zai jira zaman Talata ba.

"Gara in fita da ƙafata tun ina gane ƙofa," ya ce. "Na ga yadda ake yi in an jira. Ba na so wata rana ki tsaya a kaina kina gaya min sunanki." Sai ya ɗora baƙin littafin a kan takardar. "Wannan naki ne. Kar ki bari kowa ya taɓa su don sauri. Duk wanda ya ce miki lamba ɗaya ce kawai, ki tambaye shi mutum nawa ne suke kira ba su ce komai ba."

Na karanta takardar. Sakin layi uku, ba kuskure. A na biyun ya nemi gafarar mai gidan ƙyanƙyasa da mai tsaron ɗakin, ya roƙi kar abin ya shafi 'yar ƙanwarsa, don ita ba ruwanta.

Ina son mutumin nan fiye da yadda na taɓa gaya masa. Kuma ina tsoro. Biyun duka gaskiya ne, na rubuta su don in gan su a jere.

Lahadi, 23 ga Maris, ƙarfe 5:00 na yamma

Na gaya wa Malam in ya ga na tsaya shan shayi gobe da safe, ya karɓe kofin.

Litinin, 24 ga Maris, ƙarfe 11:30 na safe

Ina gida. Na gaya wa Manaja ƙarfe takwas, a tsaye, ban bari ta ba ni kujera ba. Ni na canza difol ɗin, a kwamfutar Kawu, don masu kifi, don ina sauri. Ta ce in ajiye katin shiga a kan tebur in tafi, gobe masu kamfani za su ji daga bakina. Abin da za su yi da ni gobe zan sani. Ba shi na zauna rubutawa ba.

Kafin ofis gidan Kawu na fara zuwa, ƙarfe shida da rabi. Anti ta buɗe min, ta ga fuskata, ta koma kicin. Yana zaune a falo ya shirya tsaf, takardar a cikin ambulan a kan gwiwarsa. Na durƙusa na gaishe shi, ban tashi ba. Na ce, "Kawu, ni ce na canza. Ba kai ba ne."

Ya dube ni da tausayi. "Mamanki ce ta aiko ki? Uwata, kar ki yi min haka. Mu ma haka muka riƙa yi wa Baba, ya fasa abu mu ce mu ne."

Ban yi tsammanin wannan ba. Duk shirin da na yi na neman gafara ne, ban shirya kawo shaida ba. Na ce kwamfutata tana wurin mai gyara ranar. Na ce Dogo yana kan tasa. Na ce, "Kai ka tashi ka ba ni kujerarka wajen ƙarfe uku, ka ce za ka je karɓo wa Anti gilashinta."

Na ga leɓensa yana motsi.

"Gilashi," ya ce. "An yi yayyafi ranar. Na ajiye mota a gaban gidan burodi don babu wuri. Mai shagon gilashin ya naɗe babban yatsansa da filasta, ya ce ƙofa ce ta datse shi. Ya ba ni gidan gilashi baƙi, na ce ruwan ƙasa ta zaɓa, ya shiga ciki ya daɗe yana nema." Muryarsa ta fara tashi. "Na sayi lemo a hanya, guda shida, ɗaya ya ruɓe. Da na dawo kin tafi, kin bar min kujera a ƙasa, sai da na ɗaga ta." Ya juya wajen kicin. "Ke! Gilashinki ranar Laraba na karɓo? Da lemo?"

Anti ta leƙo da ludayi a hannu. "Laraba ce. Ɗaya ruɓaɓɓe, ka ce za ka mayar masa."

Ya yi dariya. Ya yi ta yi har hawaye suka zubo, ya cire gilashi, ya dafe kansa da hannu biyu kamar wanda ya tsinci abin da ya ɓace masa. Ya sake jero su, yayyafi, filasta, lemo, kujera. Anti ma ta fara kuka ba ta san dalili ba. Na ɗauka an wuce wurin. Har na fara jin sanyi a raina.

Sai ya mayar da gilashin ya dube ni sosai.

"Yaushe kika sani?"

Na ce tun da Manaja ta ce arba'in.

"Ranar da na ba mai ƙwai haƙuri, kin sani."

"Na sani."

"Ranar likita."

"Na sani, Kawu."

Bai ɗaga murya ba. Ya ce lamba kowa yana iya canzawa, shi ma ya taɓa yin wadda ta fi wannan muni yana saurayi, da na zo ranar farko da tare za mu shiga wurin Manaja. Na ce ya yafe min. Ya ce zai yafe, in sha Allah, amma in ba shi lokaci. Ya ajiye ambulan ɗin a hannun kujera, ya gyara shi ya daidaita da gefen.

"Kwana ashirin," ya ce. "Kullum in na farka, kafin in sauko da ƙafa, sai in kira sunayen 'ya'yana a zuci, ɗaya bayan ɗaya, in ga ko akwai wanda ya ɓace a cikin dare. Har da ke nake ƙirgawa."